Hannu Uku, Ido Ɗaya

Ran Jumma'a, 21 ga watan Fabrairu na 2025, mutum uku daga cikin masu riƙe da mabuɗan baitulmalin kamfanin Bybit, wanda ke cinikin kuɗin kirifto daga birnin Dubai, suka sa hannu a kan wani umurni na fid da kuɗi daga asusun ajiya zuwa asusun da ake biyan jama'a da shi yau da gobe. Aiki ne wanda suka saba da shi. Kowannensu ya dubi allon kwamfutarsa, ya ga lambar asusun da za a tura wa kuɗin daidai take, ya sa hannu, ya bar wa na gaba. Shugaban kamfanin, Ben Zhou, ya faɗa da bakinsa cewa shi ne ya sa hannu daga ƙarshe. Ba a jima ba sai dukiya ta kimanin dala miliyan 1,500 ta fice daga asusun, ta nufi inda ba a aike ta ba. Kafin wannan rana ba a taɓa satar kuɗin kirifto masu yawan haka a karo ɗaya ba. Bayan kwana biyar hukumar bincike ta Amurka, watau FBI, ta ɗora alhakin abin a kan 'yan kutsen Koriya ta Arewa.

Abin da ya sa wannan al'amari ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, ba a ɓalle ƙofa ba, ba a sace mabuɗin kowa ba, ba a kuwa yi jabun hannun kowa ba. Dukan hannuwan nan uku na gaske ne, masu su ne suka sa su cikin hankalinsu. Tsarin da aka kafa domin kada mutum ɗaya ya taɓa dukiyar jama'a shi kaɗai ya yi aikinsa kamar yadda aka shirya shi, ya ƙidaya hannu uku, ya buɗe ƙofa. Duk ma'aikacin da ya taɓa sa hannu a bauca don kawai ya ga hannun na sama da shi a kanta, ya san wannan hali sarai, ko da bai taɓa jin sunan Bybit ba.

Maganar kuwa ba ta yi nisa da ƙasar nan ba. A watan Fabrairu na 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kirifto, sa'an nan ya ɗage hanin a watan Disamba na 2023. A watan Mayu na 2023 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa game da fasahar bulokcen, a watan Maris na 2025 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar zuba jari wadda ta sa irin wannan dukiya a ƙarƙashin kulawar hukumar da ke lura da kasuwar hannun jari. A jerin da kamfanin Chainalysis ya fitar na ƙasashen da jama'arsu suka fi rungumar kirifto, Nijeriya ce ta zo ta biyu a 2023, ta sake zuwa ta biyu a 2024, bayan Indiya. Ma'anar wannan ita ce, akwai ma'aikatan gwamnati waɗanda duba irin waɗannan asusu ya zama aikinsu, akwai kuma ɗaliban da za su gaje su. Tilas ne su san abin da sa hannun tarayya ke iya karewa, su kuma san inda kariyarsa ta tsaya.

Kundin da ake kira bulokcen littafin lissafi ne wanda ba a ajiye shi a ofis ɗaya ba. Dubban kwamfutoci a ƙasashe dabam dabam ke riƙe da kwafinsa, kowane sabon shafi kuma ana ƙulla shi da na bayansa kamar zoben sarƙa, yadda abin da aka riga aka rubuta ba ya kankaruwa. Mai asusu a wannan kundi ba ya zuwa gaban kanta ya nuna fuskarsa ko katin shaidarsa. Abin da ke tabbatar da mallakarsa shi ne wata doguwar lamba ta asiri, wadda ake ce wa mabuɗin sirri, da ita yake sa hannu a kan kowane umurni na fid da kuɗi. Wanda ya riƙe mabuɗin shi ne mai kuɗin, ko ta wace hanya mabuɗin ya shiga hannunsa. In ya ɓace, kuɗin sun ɓace tare da shi. In aka sace shi aka tura kuɗin wani wuri, babu manajan banki da za a buga wa waya a ce ya tsai da cek.

Hatsarin barin irin wannan mabuɗi a hannun mutum ɗaya ya bayyana ƙarara a ƙasar Kanada. A watan Disamba na 2018 Gerald Cotten, mai kamfanin QuadrigaCX, ya rasu a Indiya yana da shekara 30, sai kamfanin ya ba da sanarwa cewa shi kaɗai ya san hanyar shiga asusun ajiya. Jama'a suka yi ta juyayin dukiyar da aka ce ta maƙale. Amma da masu bincike suka kai ga asusun, sai suka tarar babu kome a ciki tun watanni kafin rasuwarsa. Rahoton hukumar kula da hannun jari ta lardin Ontario na 2020 ya nuna cewa mutum 76,000 sun yi hasarar abin da bai gaza dalar Kanada miliyan 169 ba, mafi yawanta kuwa ta hanyar zambar da shi Cotten ya riƙa yi da kuɗinsu tun yana raye. Ba wanda ya ga abin da yake yi, domin ba wanda yake bukatar izininsa.

Maganin da masu fasahar suka kawo ba baƙo ba ne ga kowane akanta. Ka'idar kuɗi ta gwamnati ba ta barin cek ya fita da hannu ɗaya, ɗakin ajiyar banki yana da mabuɗi biyu a hannun mutum biyu, ƙungiyar gama kai ta ma'aikata kuma takan sa shugaba da sakatare da ma'aji a kan asusunta. Wannan tsohuwar dabara ce aka ɗauka aka mai da ita lissafi. Tun 2012 aka sauƙaƙa buɗe asusun Bitcoin wanda ba ya sakin kuɗi sai da mabuɗai fiye da ɗaya. Da kundin Ethereum ya fara aiki a 2015, sai abin ya daɗa faɗi, domin shi wannan kundi yana karɓar abin da ake kira yarjejeniya mai zartar da kanta, watau jerin sharuɗɗa da ake rubutawa cikin harshen kwamfuta a dasa a kundin, su riƙa aiki da kansu ba tare da jiran magatakarda ko alƙali ba.

Ga yadda sa hannun tarayya yake tafiya a irin wannan yarjejeniya. Kuɗin ba sa ƙarƙashin mabuɗin kowa, suna hannun yarjejeniyar ita kanta. Ita kuwa abu biyu take riƙe da su: jerin lambobin waɗanda aka ba ikon sa hannu, da adadin hannuwan da za su isa a zartar da umurni, alal misali uku cikin biyar. Idan ana so a biya wani, ɗaya daga cikinsu zai tsara umurnin, ya faɗi wanda za a biya da nawa ne. Kowane mai mabuɗi sai ya sa hannu daga inda yake, ko da ɗaya yana Turai ɗaya yana Asiya. In hannuwan sun cika, a haɗa su a miƙa wa yarjejeniyar, ita kuma ta gwada kowane hannu da jerin da ke wurinta, ta ƙidaya, in sun isa ta biya, in ba su isa ba ta ƙi. Kowane umurni yana ɗauke da lambarsa ta bi da bi, domin kada a sake amfani da tsohon sa hannu a karɓi kuɗi sau biyu. Cire wani daga jerin, ko ƙara wani, ko sauya adadin, duk sai da irin wannan yardar. Kamfanin Gnosis ya fitar da irin wannan asusu a 2018, wanda daga baya aka sake masa suna Safe, ya zama wanda kamfanoni da ƙungiyoyi suka fi dogara da shi a Ethereum. Da shi Bybit take aiki a lokacin da aka yi mata satar.

Babu shakka tsarin yana da fa'idodin da takarda ba ta da su, bai kuma kamata a raina su ba. Yarjejeniya ba ta jin roƙo. Ba a iya ce mata babban sakatare ya yi tafiya, a biya yanzu a kawo hannunsa ran Litinin. Ba ta san ɗan'uwa ba, ba ta tsoron canjin wurin aiki, ba ta kuma ɓad da fayil. Kowa yana iya dubawa ya ga mabuɗan da suka amince da kowane biya, da ranar da lokacin, har bayan shekara goma. In ɗaya daga cikin masu mabuɗi ya rasu ko nasa ya ɓace, sauran za su cire shi su naɗa wani, dukiya ba ta maƙale ba. Da QuadrigaCX tana kan irin wannan tsari da amintattu na waje, da wuya zambar ta daɗe haka ba a farga ba. Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, a nan kuwa karin maganar ya yi daidai.

Amma yarjejeniyar ƙidaya kaɗai ta iya. Ba ta san ko mabuɗai biyar ɗin nan mutum biyar ne ke riƙe da su ko kuwa duk suna aljihu ɗaya ba. Wannan shi ne abin da ya faru da Ronin. Kamfanin Sky Mavis na ƙasar Biyetnam, mai wasan kwamfutar nan Axie Infinity, ya kafa wata hanya da ake kira gada, wadda kuɗin 'yan wasa ke bi tsakanin kundin Ethereum da nasa kundin mai suna Ronin. Masu tabbatar da fitar kuɗi daga gadar tara ne, ana bukatar hannun biyar. A takarda wannan tsari ne mai kyau. A zahiri kuwa huɗu daga cikin mabuɗai taran suna hannun Sky Mavis shi kaɗai, watau saura ɗaya tak ya cika adadin. A watan Nuwamba na 2021 cinkoso ya yi yawa, sai kamfanin ya roƙi wata ƙungiya mai riƙe da ɗaya daga cikin sauran mabuɗan, Axie DAO, ta ba shi izini ya riƙa sa hannu a madadinta don aiki ya yi sauri. Ta ba shi. A watan Disamba bukatar ta wuce, amma ba wanda ya tuna ya janye izinin.

Da ɓarayi suka yaudari wani ma'aikacin kamfanin suka kutsa cikin kwamfutocinsa, sai suka tarar da mabuɗai huɗu a wuri ɗaya, ga kuma ƙofar na biyar a buɗe. Ran 23 ga Maris na 2022 suka kwashe Ether 173,600 da kuɗin USDC na dala miliyan 25.5, jimla fiye da dala miliyan 600. Abin da ya fi ban takaici shi ne, sai da aka kwana shida kafin a san an yi sata, shi ma don wani mai ajiya ya nemi fid da kuɗinsa ya kasa. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin wata ƙungiya ya san kwatankwacin wannan: shugaba zai tafi aikin Hajji ko kwas, sai ya sa hannu a cek goma babu rubutu ya bar wa ma'aji domin kada aiki ya tsaya. Daga wannan rana asusun ya koma na mutum ɗaya, ko da banki yana ganin hannu biyu.

Akwai kuma hatsarin da ke cikin rubutun yarjejeniyar kanta. A watan Yuli na 2017 wani kuskure a asusun tarayya na kamfanin Parity ya ba ɓarawo damar mai da kansa mai asusu, ya kwashe kimanin Ether 153,000. Aka gyara. A watan Nuwamba na wannan shekarar wani mutum, wanda ya ce tsautsayi ne, ya goge gindin da duk waɗannan asusu suka dogara a kansa, sai fiye da Ether 513,000 suka maƙale a asusu 587, masu su suna gani a kundi amma ba sa iya taɓawa. Shawarar da aka kawo a 2018 ta a sake dasa gindin ba ta sami karɓuwa ba. An dai koyi darasi a wannan fanni, yanzu ba a cika sakin irin wannan yarjejeniya ba sai masu bincike na waje sun tantance ta.

Satar Bybit ta bambanta da waɗannan, ita ce kuma ta fi dacewa da nazarin ma'aikaci. Binciken da kamfanonin Sygnia da Verichains suka yi bai sami aibi a yarjejeniyar Safe ba, bai kuma nuna an kutsa cikin kwamfutocin Bybit ba. Abin da ɓarayin suka yi shi ne, suka kama kwamfutar wani ma'aikacin Safe, ta nan suka kai ga shafin intanet ɗin da masu sa hannu ke buɗewa su karanta umurni kafin su amince. Suka dasa masa wani ɓoyayyen rubutu wanda ba ya taɓa kowa sai asusun Bybit. Da ranar ta zo, shafin ya nuna wa mutanen nan uku umurnin da suke tsammani, alhali abin da ya miƙa musu su sa wa hannu dabam ne. Umurnin na gaskiya bai ma yi maganar biyan kuɗi ba, cewa ya yi a sauya dokokin yarjejeniyar da waɗansu da ɓarayin suka riga suka tanada. Da hannu uku suka hau kansa, asusun ya zama nasu, ba su sake bukatar izinin kowa ba. Kimanin minti biyu bayan haka suka share rubutun daga shafin.

To, ashe hannu uku ne, amma ido ɗaya. Dukansu ta taga ɗaya suka leƙa, wanda ya mallaki tagar kuwa ya mallaki abin da suka gani. Gaskiya ne kowannensu yana da 'yar na'urar sa hannu wadda mabuɗinsa ke ciki, mai ɗan allo nata na kanta, an kuma yi ta ne musamman domin a gwada abin da kwamfuta ta nuna da abin da za a sa wa hannu. Sai dai a kan umurni mai sarƙaƙiya irin wannan, abin da na'urar takan nuna shi ne dogon jerin haruffa da lambobi wanda ba kowa ke da haƙurin bin sa ba. Duk da haka alamar tana nan ga mai dubawa. Lambar wurin da umurnin ya nufa ba ta asusun Bybit ba ce, akwai kuma wani gurbi da ya kamata a ga 0 in biyan kuɗi ne na yau da kullum, amma 1 ke ciki, wadda ke nufin a bar wata yarjejeniya ta waje ta yi aiki da ikon asusun. Dala miliyan 1,500 ta rataya a kan wannan lamba ɗaya, ta kuma wuce gaban mutum uku.

Ba za a ce ba a yi gargaɗi ba. Wata bakwai kafin haka, ran 18 ga Yuli na 2024, an kwashe kimanin dala miliyan 230 daga kamfanin WazirX na Indiya, daga asusu mai masu sa hannu shida, biyar na kamfanin, ɗaya na wani kamfanin ajiya mai suna Liminal. A can ma an ce abin da allo ya nuna ya saɓa da abin da aka sa wa hannu, kamfanonin biyu kuma suka shiga jifan juna da laifi. A watan Oktoba na wannan shekarar aka yi wa Radiant Capital irin wannan, aka ɗauke kimanin dala miliyan 50. Gemun maƙwabta biyu ya kama wuta a bainar jama'a, ba a shafa wa na gida ruwa ba.

Wani zai ce sai a ƙara yawan masu sa hannu. Wannan ba ya wadatarwa, wani lokaci ma ƙara ɓarna yake yi. Radiant tana da masu mabuɗi goma sha ɗaya, amma hannu uku take bukata, watau ɓarawo yana da ƙofa goma sha ɗaya da zai gwada, uku kawai yake nema su buɗe. Gadar Harmony, wadda aka sace wa kimanin dala miliyan 100 a watan Yuni na 2022, hannu biyu cikin biyar take bukata. In kuma aka ɗaga adadin ya yi yawa, aiki zai riƙa jinkiri, jinkiri kuwa shi ke haifar da irin izinin wucin gadin da ya kashe Ronin. Akwai wani ciwo kuma wanda kowane ofis ya san shi: gwargwadon yawan hannuwa a kan takarda, gwargwadon yadda kowa ke sakin jiki. Na farko yana cewa ai akwai masu dubawa a gaba, na ƙarshe yana cewa ai an riga an duba a baya. Waɗansu masana suna ba da shawarar a bar wannan tsari a koma ga wanda ake raba mabuɗi ɗaya gunduwa gunduwa a tsakanin mutane. Yana da nasa amfani, amma mai riƙe da gunduwa shi ma in allo ya yi masa ƙarya zai amince.

Abin mamaki shi ne, yarjejeniya mai zartar da kanta tana iya ɗaukar sharuɗɗan da za su rage wannan hatsari ƙwarai, amma sau da yawa ba a sa su, don ana ganin suna rage sauri. Ana iya rubuta cewa duk umurnin da ya shafi sauya dokokin asusu ko jerin masu sa hannu ba zai zartu ba sai bayan kwana biyu, yana fili kowa yana gani, kowane mai mabuɗi kuma yana da ikon soke shi kafin wa'adin ya cika. Ana iya ƙayyade abin da zai fita a yini. Ana iya hana asusun ajiya biyan kowa in ban da waɗansu lambobi da aka riga aka tantance. Da akwai sharaɗi na farko a asusun Bybit, da ɓarayin sun sami hannu uku amma sun tsaya jira a idon duniya. Bayan wannan, sauran aikin na mutane ne. Kowane mai sa hannu ya sami bayanin umurni ta hanyar da ba ta bi ta hannun abokinsa ba, ya gwada shi da abin da na'urarsa ta nuna, in bai gane ba ya ƙi. Dukiyar da ta kai wannan yawa kuma bai kamata a tara ta a asusu ɗaya ba tun farko.

Ƙin sa hannu shi ne wurin da wuyar take, a Dubai ko a sakatariyar jiha. Ƙaramin ma'aikaci da ya tsai da takarda don bai gamsu ba yakan sha suna mai taurin kai, musamman in na sama da shi yana jira. In dukan masu mabuɗi suna ƙarƙashin shugaba ɗaya, wanda albashinsu da ƙarin girmansu ke hannunsa, to hannuwansu nasa ne, ko da kowa yana da na'urarsa. Saboda haka ne ka'idar aikin gwamnati ta raba mai ba da izinin kashe kuɗi da mai biya da mai bincike. Duk tsarin sa hannun tarayya da bai kiyaye wannan rabo ba, suna ne kawai.

Ya kamata a lura kuma da wanda ke ɗaukar hasara. Bybit kamfani ne mai ƙarfi, cikin kimanin kwana uku ya cike giɓin ta hanyar rance da saye, ya ci gaba da biyan masu ajiya, ko da yake kaɗan ne daga cikin abin da aka sace aka iya tsayarwa. Masu ajiya a WazirX kuwa sun shafe fiye da shekara guda suna jiran kotu. Yawancin kamfanonin da matasan ƙasar nan za su miƙa wa kuɗinsu ba su da aljihun Bybit.

Sabili da haka lalle ne hukumar kula da kasuwar hannun jari, wadda ta fara ba kamfanonin cinikin kirifto amincewar farko a watan Agusta na 2024, kada ta gamsu da jin cewa kamfani yana aiki da sa hannun tarayya. Wannan amsa ce mai daɗin ji wadda Ronin da WazirX da Bybit duk za su iya bayarwa ana gobe za a sace su. Abin da ya kamata a tambayi mai neman lasisi shi ne: mabuɗai nawa ne, nawa ake bukata, nawa ne ke hannun waɗanda ba ma'aikatan kamfanin ba, a ina ake ajiye su, ta wace hanya kowane mai sa hannu ke tabbatar da abin da yake amincewa da shi, akwai wa'adin jira kafin a sauya dokokin asusu, wa ke lura da asusun dare da rana, kuma wane izini na wucin gadi aka taɓa bayarwa, yaushe aka janye shi. Tun da lambar asusun da dokokinsa suna fili a kundi, jami'in da ya ƙware yana iya gwada yawancin amsoshin da kansa ba tare da dogara ga takardar kamfani ba. Doka kuma tana bukatar ta fayyace wa ke da alhaki sa'ad da hannu na gaskiya ya hau kan umurnin ƙarya, mai sa hannun, ko kamfaninsa, ko mai shafin da ya nuna masa ƙaryar, domin kada masu ajiya su zauna kallon irin jayayyar WazirX da Liminal.

Irin wannan jami'i kuwa sai an horar da shi. Ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya da na jihohi, da Kwalejin Horar da Manyan Ma'aikata ta Badagry, da sassan koyar da aikin akanta da na kwamfuta a jami'o'i, ya kamata su sa rahotannin binciken Ronin da na Bybit cikin abin da ake karantarwa, a zaunar da ɗalibin akanta da ɗalibin kwamfuta a aji ɗaya, domin kowannensu rabin labarin kaɗai ya sani. Duk ma'aikatar da ke shirin gwada bulokcen wajen biyan kwangila ko rabon tallafi a ƙarƙashin manufar 2023 kuma, kada ta sa ko kwabo na kuɗin jama'a a irin wannan asusu sai ta bayyana a rubuce sunayen muƙaman da za su riƙe mabuɗan, da ofishin da kowannensu ke amsa wa, da abin da za a yi da mabuɗin ran da aka canza wa mai shi wurin aiki ko ya yi ritaya.